Kifin Farko na Bindigar Baba

Ranar addu'ar bakwai ɗin Baba, falonmu na Bukit Jalil ya cika har bakin ƙofa. Maza suna can ƙasa a surau, ɗan masallacin da ke gindin benenmu, mu mata muna sama, an jingine kujeru da bango an shimfiɗa dardumai. Yawancinsu matan ɗalibai ne da na malamai, 'yan uwanmu da karatu ya kawo mazansu Malesiya. Kowace ta shigo sai ta durƙusa ta ce ya haƙuri, in ce da godiya. Wata ta ce ita dai ba za ta manta yadda yake riƙe wa mai goyo ƙofar lif ba. Wata ta ce keken ɗinkinta da ya gyara har yau bai sake tsinka zare ba, ta faɗa tana share ido da gefen hijabi. Wata kuma baƙuwa ce, ba ta daɗe da zuwa ƙasar ba, ta raɗa wa ta kusa da ita cewa wai da gaske ne tsohon nan bindiga yake ƙerawa? Na ji ta sarai.

Ana cikin haka aka ƙwanƙwasa ƙofa. Pak Cik ne, abokin Baba, wani dattijon Malay, shi da babban ɗansa, sun ɗauko dogon akwatin ƙanƙara, kowa ya kama gefe guda. Da ya ga mata ne a ciki bai shigo ba. Ya dafa ƙirji ya sunkuyar da kai, ya ce da ɗan Turancinsa wannan na Baba ne, kuma ni aka ce a ba. Aka ɗaga murfi, sai ga kifi, tenggiri, dogon nan mai launin azurfa, ya kusa tsawon hannuna biyu a miƙe.

Matan suka matso suna leƙawa. Can wata ta ce ashe mutanen ƙasar nan kifi suke kaiwa gaisuwar mutuwa. Wata ta ce, "Al'adarsu ce, a karɓa kawai."

Ba al'adarsu ba ce. A ranar ban iya yin bayani ba. Shi ya sa na zauna yau nake rubutawa, don waɗanda suka ci kifin nan su san abin da suka ci, don kuma 'ya'yana, da in ka yi musu Hausa suke amsa maka da Turanci, su san wane ne kakansu.

Baba mahaifin maigidana ne. Ban taɓa kama sunansa ba yana raye, ba kuma zan fara yanzu ba. Haifaffen Yawuri ne, cikin gidan masunta, mahaifinsa da mashi yake farautar manyan kifaye daga kan kwale-kwale. Shi kaɗai aka sa boko cikin 'yan ɗakinsu, ya yi ta koyar da aikin ƙarfe da injuna a makarantar sana'a har ya yi ritaya. Bayan rasuwar surukata ciwon zuciya ya matsa masa, sai maigidana, da ke koyarwa a wata jami'a a nan, ya ɗauko shi ya ga likita. Da nufin 'yan watanni ya zo. A nan Allah ya rubuta ƙasarsa take.

Farkon zuwansa na sha wahalar kunya. A gida, tsakanina da shi gaisuwa ce daga nesa, ina durƙushe, kaina a ƙasa. To a nan ina nesan take? Ɗaki uku ne da falo, in na fito kicin sai na gifta ta gabansa. Sai in ajiye masa abinci in gudu, shi kuma ya yi ta kallon tagar kamar akwai abin gani bayan benaye. Haka muka yi ta zama, mutum biyu masu ganin girman juna, kowa ya takura.

A layin ganin likitan zuciya ya haɗu da Pak Cik. Baba ya ce hannunsa ya fara gani, baƙin mai ya zauna a gindin faratansa, irin wanda sabulu ba ya fitarwa, nan take ya san ɗan uwansa ne. Pak Cik tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa ne, yana da 'yar rumfar aiki a bayan gidansa a Sentul, da injin feƙe ƙarfe a ciki. Babu mai jin yaren wani, Turancin ma kowa nasa guntu-guntu ne, amma sai su wuni tare. Na taɓa tambayar Baba da me suke hira. Ya ce in ka miƙa wa mutum sifana ya karɓa ba tare da ya duba lambarta ba, ai kun gama hira.

A rumfar nan ya ga bindigar. Ta ɗan Pak Cik ce, magidanci ne mai nutso a teku yana harbin kifi, da takardarsa ta izini, don a ƙasar nan ba a riƙe irinta haka kawai. Saboda haka bindigar ba ta taɓa kwana a gidanmu ba, gutsattsarinta kawai ke zuwa a aljihun Baba. Ba harsashi take ci ba, iska ce. Ranar da ya yi mini bayaninta, sirinjin maganin tarin yara ya ɗauka, ya toshe bakinsa da yatsa, ya danna, ya saki, abin ya dawo da ƙarfi. Ya ce to haka take. Bututu ne aka ɗura wa iska da famfo, a ciki akwai fistin. Mai nutso zai tura siririn mashi ta baki ya danne iskar har ya maƙale, in ya ja kunama iskar ta tunkuɗo fistin, fistin ya tunkuɗo mashi, mashin kuma yana ɗaure da igiya. Ya ƙara da cewa ba a harba ta a waje, sai cikin ruwa, wanda ya gwada ta a tudu ko ya fasa ta ko ya fasa wani.

Da abin ya tsaya a sha'awar makaniki, da ya wuce cikin sati guda. Amma ɗan Pak Cik ya faɗi wata magana yana dariya, cewa kifaye da yawa mashin a ciki yake samunsu, su fizge, naman ya yage, su tafi. Baba ya dawo gida ranar bai ci abincin kirki ba. Da na zo kwashe kwanuka, karo na farko ke nan da ya tsayar da ni da magana. Ya ce yana yaro ya taɓa jefa mashi da gaggawa ya sami giwan ruwa a ciki, ta fizge ta tafi. Mahaifinsa bai doke shi ba, sai ya sa shi ya yi ta bin gaɓar kogi har ya gano ta ta taso, ta kumbura, ba ta ciwuwa. Ya ce masa ya dube ta da kyau, bai ci ba, bai bar ta ta rayu ba.

"'Yata," in ji Baba, "Allah ya halatta mana kifi, amma ban ga inda ya halatta mana mu bar shi da ciwo a ƙarƙashin ruwa ba. Abin nan ba ƙarfi ya rasa ba, saiti ya rasa."

Daga nan ya ɗaura niyya: sai ya gyara bindigar ta riƙa kai mashi daidai inda aka nufa, bayan ido kaɗan, inda kifi ke mutuwa nan take bai sha wuya ba.

Ta haka na sami muƙami. Baba ba ya nutso, Pak Cik ma haka, ɗan Pak Cik kuwa in an tambaye shi sai ya ce komai boleh, komai ya yi. Baba ya ce mai harbi ba ya ba da shaida a kan harbinsa, mai gyaran kifi ce ke ganin gaskiya. Duk lokacin da aka je gwaji, sai a kawo mini kifin. In sa wuƙa, shi yana tsaye a ƙofar kicin, hannuwansa a baya, bai taɓa tsallako dokin ƙofar ba. In gaya masa ta ina mashi ya shiga, ta ina ya fita, ya yaga nama ko bai yaga ba, matsarmama ta fashe ko tana nan. Tun daga lokacin ya daina ce mini 'yata, ya koma Alƙaliya. Da safe in na gaishe shi sai ya ce, Alƙaliya an tashi lafiya, yau akwai zaman kotu? Wata rana na ga ya gaji, na ce ai wannan ya yi kyau, alhali cikin kifin ya dagargaje. Ya leƙo ya gani, ya ce a'a, alƙali mai tausayin wanda ake ƙara ya cuci mai ƙara, mai ƙarar kuwa ga shi nan kwance a faranti ba shi da baki.

Ba zan ce zama da shi babu ciwon kai ba. Man keken ɗinkina ya ƙare a cikin bututun nan. Rannan na ɗora wake a tukunyata mai tururi, ta yi ta huci ta gefe, wake ya ƙi nuna, ga baƙi na tafe. Na buɗe murfi, babu robar. Na fito na tsaya a gabansa, kunya ta hana ni tambaya. Ya sa hannu a aljihu ya fito da ita, an yanke ta gida-gida, an fitar da ƙananan zobba. Ya ce yana neman roba mai laushi da za ta rungumi mashi a bakin bindiga ta hana ruwa shiga bututu, don ruwan nan ne ke cinye ƙarfin harbi, shi ke sa mutane ƙara iska, iska in ta yi yawa kuma bindiga ta yi shuri ta ɓata saiti. Ya yi bayanin nan tiryan-tiryan kamar yana gaban aji, sannan ya ce a hankali, "Amma na yi laifi, a yanke mini hukunci." Washegari ya hau LRT, jirgin ƙasan cikin gari, shi kaɗai har kasuwar Masjid India, ya dawo da sabuwar roba da yadin mayafi ruwan toka. Robar ba ta yi daidai da tukunyar ba. Mayafin shi ne a kaina ranar jana'izarsa.

Rigima ta gaske da ɗansa suka yi ta. Baba ya ce sai ya shiga jirgin ruwa ya bi su teku ya ga abin da idonsa, maigidana ya ce likita ya hana shi doguwar tafiya da zafin rana, ba inda za shi. Maigidana ɗan fari ne, Baba ba ya kiran sunansa, sai dai ya ce mutumin nan. In ransa ya ɓaci kuwa ya koma Dakta. Kwanaki suka yi suna cin abinci a tabarma ɗaya amma magana ta bakina take bi.

"Alƙaliya, gaya wa Dakta a bakin kogi aka binne cibiyata. Ruwa bai kashe ni ina yaro ba, ba zai fara da tsufana ba."

Maigidana ya ce in gaya wa Baba ba ruwan yake tsoro ba. Daga nan bai ƙarasa ba, ya tashi ya shiga ɗaki. Ni na ƙarasa masa. Na ce Baba, Hajiya mahaifiyarsa ta tafi yana nan yana karatu, bai sami ko jana'izarta ba, kai kaɗai ka rage masa. Baba ya daɗe yana juya wani ƙaramin zoben roba a tafin hannunsa. Sannan ya ce to a gaya wa mutumin nan ya yarda, ba zai hau jirgi ba, amma a kai shi ko bakin gaɓa ne.

Muka tafi gaɓar gabas dukanmu. Aka shimfiɗa masa tabarma a inuwar bishiyar kwakwa. Ya naɗe wando ya taka har ruwa ya kai masa idon sawu, ya ɗebo ya ɗanɗana, ya yamutsa fuska ya ce wace ce ta yi girkin nan, hannunta ya yi nauyi da gishiri. Ya yi alwala da shi. Tun da jirgin ya tashi idonsa ke kan teku, ko nasi lemak, shinkafar kwakwar da matar Pak Cik ta ƙunso masa, bai buɗe ba. Da la'asar suka dawo da kifi, na duba a nan bakin ruwa, mashi a ciki ya same shi. Da aka matsa wa ɗan Pak Cik, ya ce akwai wani ma da ya fizge ya tafi. Baba ya juya ya kalli ruwan, leɓensa na motsi, na san istigfari yake yi. Sannan ya karɓi bindigar, babu mashi a ciki, ya miƙa hannu da ita ya daɗe yana duban wuyan hannunsa. Ya ce mariƙin ya yi ƙasa da yawa, in ta yi shuri dole ta karkace. A hanyar dawowa ya ɗora hannu a gwiwar ɗansa yana tuƙi, bai ɗauke ba har muka shiga gari. Sulhun ke nan.

Aikin ƙarshe ya ɗauke su lokaci, don numfashinsa ya fara gajarta, sai ya zauna a kujera yana nuni, Pak Cik yana feƙewa. Suka ɗaga mariƙin ya matso kusa da bututu, suka sa robar bakin, suka rage iska har ta kai mutum zai iya ɗana ta ba tare da ya yi nishi ba. Ranar da suka gama ya dawo yana fara'a, ya ƙunso mana roti, gurasar nan tasu, daga wurin mamak, masu shagon abinci. Sai dai sun gama a daidai lokacin da daminar gabas ta kama, lokacin da teku ke hauka, masunta su ja jiragensu tudu su ɗaure har wata da watanni. Babu mai shiga ruwa. Kullum da safe bayan gaisuwa sai ya ce in duba masa waya, yaya igiyar ruwa a can? In ce har yanzu, Baba. Ya ce to, mai ruwa ya fi mu sanin lokacinsa.

Kafin tekun ta kwanta, shi ya kwanta. A asibiti, wata hantsi, maigidana ya fita neman likita, ya rage daga ni sai shi. Ya ce in matso. Ya gaya mini a gidansu, in an yi sabon mashi ko sabon taru, kifin farko da ya kama ba a cinsa a gidan mai shi, sadaka ake yi da shi gaba ɗaya, ko romo ba a lasa. Ya ce duk kifayen da muka ci a baya na gwaji ne, ba a gama bindiga ba tukuna, shi ya sa bai hana ba.

"In ya zo ba na nan, ki duba shi yadda kika saba. In huda ɗaya ce a bayan ido, an gama, ki bayar. In ba haka ba, ku ci abinku, ki gaya wa Pak Cik da sauran aiki." Ya huta, sannan ya ƙara, "Kada ki yi mini sassauci don na mutu, Alƙaliya."

Na ce Baba da kanka za ka tsaya a ƙofar kicin. Ya yi murmushi kawai. Ranar Alhamis bayan azahar ya cika, da kalmar shahada a bakinsa, ɗansa na riƙe da hannunsa. Daga Allah muke, gare shi za mu koma. Pak Cik ne ya tsaya a kan komai, tun daga wanka har kabari, duk da nasa ciwon zuciyar ya shiga ramin tare da maigidana. A cikin satin nan teku ta kwanta.

To wannan ne kifin da aka ajiye a ƙofar falona. Na roƙi mata biyu suka kama mini akwatin zuwa kicin, na ce su ba ni wuri. Na wanke hannu, na yi bisimilla, na kwantar da shi a kan katako. Na san in na ga ɓarna dole in faɗa. Na fara da cikin, lafiya lau, ko ƙwarzane babu. Na shafa gadon bayan har wutsiya, babu komai. Sai a kai na gan ta, 'yar huda kamar ta ƙusa, bayan ido kaɗan, na juya shi na ga inda ta fita a ɗaya gefen, daidai wa daida. Na buɗe cikin, matsarmama tana nan cif, naman fari tas.

Na juya wajen ƙofa na buɗe baki zan ce Baba. Maigidana ne a tsaye a wurin, an gaya masa a surau ya hawo, hannuwansa a baya. Bai tsallako ba.

Ya ce, "Yaya?"

Na ce, "An gama."

Ya jingina kansa da jikin ƙofar. Daga bayansa ɗan Pak Cik yake cewa kifin ko motsi bai yi ba, mashi na taɓa shi ya tsaya cak, kamar wanda barci ya ɗauke.

Na yanka shi gunduwa-gunduwa na soya, na yi farfesu da kan. Aka kai wa maza a surau, aka kai wa masu gadin bene da matan da ke sharar matakala, aka zuba wa matan falo. Baƙuwar nan da ta yi raɗa har ƙari ta nema, ta ce ba ta taɓa cin kifi mai daɗinsa ba. Pak Cik aka miƙa masa ya girgiza kai, ya nuna ƙirjinsa, ya nuna wajen ɗakin Baba. Ashe shi ma an gaya masa, da wane yare ban sani ba.

Maigidana tun ranar rasuwar bai ci abin kirki ba. Ina kwashe na ƙarshe daga kasko ya shigo, ƙamshi ya cika kicin, ya miƙo hannu wajen wani ɗan gutsure da ya maƙale a gefen faranti. Na janye farantin. Na ce wannan ba namu ba ne. Ya dube ni, ya dubi hannunsa, sai ya yi dariya hawaye na zuba, ya ce lallai Baba bai yi kuskuren naɗi ba. Na dama masa kunu ya sha a tsaye.

Ya Allah, bawanka ne da ya ƙarar da sauran numfashinsa don kada wata halitta taka ta sha wuya a inda babu mai ganinta. Yanzu shi ne a inda ba ma ganinsa. Ka sassauta masa, ka yalwata masa makwanci, ka haɗa shi da Hajiya a inda ƙoramu ke gudana. Wanda duk ya ci kifin nan, ina roƙonsa ya ce amin.